Tattaki Don Sha'awa: Hujjojin Likitanci da Shingayen da ke Gabansa a Biranen Ƙasar Hausa

Tsakure

Maƙalar nan ta nazarci tafiyar ƙafa da mutum kan yi a kai a kai da ganin damarsa, wato tattaki, ta fuskar abin da binciken likitanci ya tabbatar tun daga 1953 game da amfaninsa ga zuciya da sukarin jini da kwanciyar hankali. Ta rarrabe tsakaninsa da tafiyar dole wadda neman abinci ko rashin kuɗin mota ke sa mutane yi. Matsayin da ta tsaya a kai shi ne, hujjar lafiya ta wadatar. Abin da ke hana ma'aikaci da ɗan kasuwa da matar aure fita tattaki a biranenmu shi ne irin kallon da jama'a ke yi wa mai tafiya a ƙasa, da kuma titunan da aka shimfiɗa ba tare da an tuna da shi ba.

1.0 Gabatarwa



A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙididdigar cewa kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, kimanin biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon yadda ya kamata. Ƙididdigar ta shekarar 2022 ce, kuma mata ne abin ya fi shafa: kashi 34 cikin 100 nasu, maza kuwa kashi 29. Ma'aunin da hukumar ta gindaya tun 2020 shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiya da ɗan sauri. Mafi ƙarancinsa ke nan rabin awa, kwana biyar a mako.

Wanda ya tsaya bakin titi a Kano ko Maraɗi da safe zai iya cewa wannan ba ciwonmu ba ne. Ga 'yan makaranta, ga 'yan talla, ga 'yan ga-ruwa, kowa a ƙasa yake. Tarihinmu ma na matafiya ne. Fatake sun riƙa kai kaya Gwanja su komo da goro, tafiyar watanni, kuma alhazan da sun ratsa Chadi da Sudan a ƙafa shekara da shekaru, har wasunsu suka yada zango can, zuriyarsu na nan har gobe. To amma cikin jikokin waɗannan matafiya akwai wani rukuni da ke ƙara yawa wanda ya daina takawa gaba ɗaya. Ɗan kasuwar da ke buɗe shago a Kantin Kwari da hantsi, ba ya tashi sai don salla. Ma'aikacin da mota ke ɗauka daga ƙofar gida ta sauke shi ƙofar ofis. Uwargidan da injin markaɗe da famfo suka ɗauke mata daka da ɗiban ruwa, wanda alheri ne, sai dai ba a sami abin da ya maye gurbin wannan motsin ba. Zuwan achaɓa, da kuma adaidaita sahu da ta cike gurbinsa a Kano bayan an haramta shi a 2013, ya sa ko tafiyar minti 10 ta koma ta abin hawa.

Sakamakon yana bayyana a asibitoci. Nazarce-nazarcen da aka tattara a Najeriya sun nuna kusan mutum ɗaya cikin manya uku na da hawan jini, kuma Ƙungiyar Masu Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 3.6 ke da ciwon suga a ƙasar. Da wannan rukuni na mazauna wuri ɗaya maƙalar ta fi damuwa.

2.0 Abin da aka tabbatar game da jiki

Binciken da ya buɗe wannan fage an yi shi ne a cikin motocin bas masu bene na birnin Landan. Dokta Jerry Morris da abokan aikinsa sun bi lafiyar ma'aikatan sufuri kimanin 31,000, suka wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 1953. Direba da kwandasta mota ɗaya suke shiga, awoyin aikinsu ɗaya, matsayinsu a al'umma kusan ɗaya. Bambancin kawai, direba a zaune yake wuni, kwandasta kuwa yana hawa da sauka yana karɓar kuɗi. Aka tarar kwandastoci ba su kai direbobi kamuwa da ciwon zuciya ba, kuma idan ya kama su bai cika yi musu kisan farat ɗaya ba. Morris ya sake ganin haka tsakanin masu raba wasiƙu a ƙafa da takwarorinsu da ke zaune a gidan waya.

An yi wa irin wannan bincike wata suka mai ƙarfi: wataƙila masu lafiya ne ke iya tafiya tun farko, ba tafiyar ce ta ba su lafiya ba. Amsar wannan suka sai gwaji, inda ake raba mutane rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a. Mafi shahara shi ne shirin rigakafin ciwon suga da aka gudanar a Amurka, aka wallafa a 2002. Mutum 3,234 da sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba aka raba uku. Rukuni ɗaya aka ba su maganin metformin, wanda masu ciwon suga a nan suka sani sarai. Na biyu aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Na uku aka nemi su gyara cimarsu, su rage ƙiba da kashi 7 cikin 100, su kuma motsa jiki minti 150 a mako, galibi tafiya da sauri. Bayan kusan shekara 3, maganin ya rage kamuwa da ciwon da kashi 31 cikin 100, sauya rayuwa kuwa da kashi 58. Dole a faɗi gaskiya, ba tafiya kaɗai ta yi wannan aiki ba, da gyaran abinci a ciki. Amma wani gwajin da aka fara a birnin Da Qing na ƙasar Sin a 1986 ya ware rukunin da motsa jiki kawai suka yi, kuma su ma haɗarin ya ragu musu da kashi 46.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsokar cinya da ta sha-raɓa su ne manyan masu cin sukari a jiki, kuma idan suna aiki sukan zuƙe shi daga jini ko da sinadarin insulin bai wadata ba. Shi ya sa tafiyar minti 15 bayan cin abinci take rage hawan da sukari kan yi, kamar yadda wani gwaji da aka wallafa a 2013 ya nuna a kan dattawa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da muke cin tuwo ko shinkafa da dare mu miƙe a tabarma. Game da hawan jini kuwa, cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 73 a 2021, ta ga tafiya a kai a kai tana sauke lambar sama ta awon jini da kimanin 4, ta ƙasa da kusan 2. Mai karatu zai iya raina wannan adadi. Ga mutum ɗaya ba shi da yawa, amma idan jama'ar gari guda suka sami wannan ragi, yawan masu shanyewar ɓarin jiki zai ragu ƙwarai. Akwai kuma ciwon baya, wanda kusan kowane ma'aikacin ofis ke kuka da shi: gwajin da aka yi a Ostareliya a kan mutum 701, aka wallafa a 2024, ya nuna waɗanda aka ɗora a kan tsarin tafiya sun ɗauki kwana 208 kafin ciwon ya dawo musu, sauran kuwa kwana 112.

2.1 Batun taku 10,000

Duk mai wayar zamani ya ga wannan adadi. Asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce da kamfanin Yamasa na Japan ya fitar a 1965, bayan gasar Olamfik ta Tokyo. Ba daga ɗakin bincike ya fito ba. Da Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta auna shi a 2019 a kan mata 16,741 masu matsakaicin shekaru 72, sai ta tarar masu taku 4,400 a rana sun fi masu taku 2,700 ƙarancin mutuwa da kashi 41 cikin 100 a tsawon binciken, kuma ribar tana ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500, daga nan ta daidaita. Wani nazarin da ya haɗa mutum sama da 47,000 a 2022 ya sa iyakar a taku 6,000 zuwa 8,000 ga waɗanda suka kai shekara 60, da 8,000 zuwa 10,000 ga waɗanda ba su kai ba.

A ganina ya kamata ma'aikatan lafiyarmu su daina ambaton 10,000 ga masu farawa. Hajiyar da ke da shekara 65 da ciwon gwiwa, idan aka ce mata 10,000 ko babu, babun za ta zaɓa. Riba mafi girma tana wurin wanda ya tashi daga zama ya fara ɗan takawa.

3.0 Tattaki da hankali

Nan ne na fi son mu daɗe, domin nan ne muka fi ƙarancin mafita. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Kuma ko da suna da yawa, mutumin da damuwa ta danne ba zai yarda a gan shi a ƙofar asibitin Dawanau ko Kware ba, don kada a ce ya taɓu. Sai ya ce tunani ne ya yi masa yawa, ko barci ne ba ya samu, ya ci gaba da haɗiye abinsa.

A 1999 James Blumenthal da abokansa a Jami'ar Duke sun raba mutum 156 masu shekara 50 zuwa sama, waɗanda likita ya tabbatar suna da ciwon damuwa mai tsanani. Wasu aka ba su maganin sertraline, wasu aka sa su tafiya da sassarfa sau uku a mako, wasu aka haɗa musu duka biyun. Masu shan magani sun riga jin sauƙi, amma bayan mako 16 rukunan uku sun zo daidai. Nazarin da mujallar BMJ ta wallafa a 2024, wanda ya tattara gwaje-gwaje 218, ya sa tafiya da sassarfa cikin nau'o'in motsa jikin da suka fi tasiri a kan wannan ciwo. Ta fuskar rigakafi ma, wani nazari na 2022 a kan mutum sama da 190,000 ya nuna mai yin tafiya da sauri awa biyu da rabi a mako haɗarin kamuwarsa ya ragu da kashi 25 cikin 100, mai yin rabin haka kuwa da kashi 18.

Ina jan kunne a nan da babbar murya. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya ajiye shi ya ce tattaki ya wadatar, kuma wanda ya fara tunanin halaka kansa asibiti yake buƙata nan take. Tattaki mataimaki ne mai ƙarfi, kuma ga mai damuwar da ba ta yi nisa ba yakan zama matakin farko da ba ya jawo masa surutu.

Ƙwaƙwalwar tsofaffi ma tana amfana. Kirk Erickson da abokansa sun ɗauki dattawa 120, rabi suna tafiyar minti 40 sau uku a mako tsawon shekara guda, rabi suna miƙe gaɓɓai kawai. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna sashen da ke kula da tuna abubuwa ya ƙaru da kashi 2 cikin 100 ga masu tafiya, ya ragu da kashi 1.4 ga sauran. An wallafa wannan a 2011.

Akwai abin da alƙaluma ba sa kamawa sosai, amma duk wanda ya saba fita ya san shi. Mai tattaki yana gaisawa da mutane. Yana ganin hasken safiya, wanda ke daidaita lokacin barci. Yana samun rabin awa da babu mai tambayarsa kuɗin cefane ko kuɗin makaranta. Dattijon da ya yi ritaya, wanda jiya ofis guda ke jiran umarninsa yau kuwa ba mai nemansa, idan ya sami abokai biyu da suke jiransa bayan sallar asuba, ya sami dalilin fitowa daga ɗaki. Wannan ne ya sa nake dagewa a kan kalmar sha'awa a taken maƙalar. Abin da mutum ke yi don an tsorata shi da ciwo yakan bar shi da zarar tsoron ya lafa. Abin da yake marmari shi ke ɗorewa shekaru.

4.0 Tafiyar dole

Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da abokan hulɗarta a 2022 ya ce sama da mutum biliyan ɗaya a Afirka suna tafiya a ƙafa ko a keke kusan minti 56 kowace rana. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, masu taka sayyada zuwa aiki da kasuwa sun ƙaru a idon kowa. Shin sai mu ce matsalar ta warware kanta?

A'a. Tafiya zuwa wurin aiki tana da amfani ga jiki, babu musu. Amma wahala daban, motsa jiki daban. Wani bincike a birnin Kofanhegan na Denmak a kan mutum sama da 104,000, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna motsa jiki a lokacin hutu yana tafiya da raguwar ciwon zuciya, aikin ƙarfi na wuni guda kuwa yana tafiya da ƙaruwarsa. Bayanin da masana suka bayar shi ne, aikin ƙarfi yana ɗaga bugun zuciya da hawan jini awoyi da yawa ba tare da isasshen hutu ba. Ɗan ga-ruwan da ke tura kura cikin ranar Afrilu da ɗan abin da ya samu ya sa a ciki, abin da yake buƙata shi ne inuwa da ruwa da abinci da hanya mai aminci. Rashin adalci ne a lissafa wahalarsa a matsayin nasarar kiwon lafiya.

Wannan tafiyar dolen ce kuma ta shafa wa tattaki baƙin jini. Tun da talaka ne ke tafiya a ƙasa, duk wanda aka gani a ƙasa ana ɗauka wani abu ya same shi. Alhaji ya fito da niyyar zagaya unguwa, kafin ya kai kwana mutum uku sun tsaya da mota: "Ranka ya daɗe, lafiya? Ina motar? Shigo in rage maka hanya." Ladabi ne da kyakkyawar niyya, amma idan aka yi masa haka sau biyu sau uku, sai ya haƙura ya koma gida.

5.0 Mata

Abin da namiji ke fuskanta kaɗan ne idan aka kwatanta da na mace. Matar aure ba ta fita sai da dalili, kuma shan iska bai shiga jerin dalilan da aka saba karɓa ba. Unguwa dalili ce, asibiti dalili ne, Islamiyya dalili ce. A gidajen gargajiya masu faɗin tsakar gida mace kan yi zirga-zirga mai yawa ba tare da ta leƙa waje ba. Gidan hayar birni mai ciki da falo bai ba ta wannan fili ba. Ga haihuwa a jere, ga ƙibar da ake yaba mata da cewa hutu ya karɓe ta, har ranar da za a auna jininta a wurin awon ciki a ga ya hau. Alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai juna biyun da ba ta da wata matsala ita ma ta sami minti 150 a mako.

Ba na ganin mafita tana cikin yaƙi da al'ada. Tana cikin amfani da ƙofofin da al'adar ta riga ta buɗe. Matan da ke zuwa Islamiyya ɗaya za su iya haɗuwa su tafi a ƙafa su dawo a ƙafa, cikin hijabinsu. Makarantun 'yan mata masu katanga suna zama babu kowa bayan la'asar da ranakun hutu, kuma babu abin da zai hana hukumar ilimi ta ware wa matan unguwa awa guda a filayensu, da mace mai gadi a ƙofa. Maigida kuma da zai ɗauki iyalinsa su taka tare bayan isha'i, da ya ga amfanin da ya wuce na hawan jini.

Malamai suna da abin faɗa a nan, kuma hujja na hannunsu. Ya tabbata a hadisi cewa takun mai zuwa masallaci ana ɗaga darajarsa da shi ana kankare masa zunubi, kuma da Banu Salima suka so su taso su dawo kusa da masallacin Madina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su da su zauna a gidajensu domin ana rubuta musu sawunsu. Ya kuma kasance yana zuwa Ƙuba duk Asabar, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a kan abin hawa. Al'ummar da ke da wannan a littattafanta bai dace ta ɗauki tafiya a ƙasa abin kunya ba.

6.0 Titi da yanayi

Ko an shawo kan mutane, sai an ba su wurin takawa. Rahoton 2022 da na ambata ya ce masu tafiya a ƙafa 261 ake kashewa kullum a titunan Afirka. A biranenmu, inda aka yi gefen titi don masu tafiya, 'yan tireda da masu faci da motocin da aka ajiye sun cinye shi, inda ba a yi ba kuwa kwata ce a buɗe. Farfesa Adewale Oyeyemi da abokansa, waɗanda suka fassara takardar auna motsa jiki ta ƙasa da ƙasa zuwa Hausa a 2011, sun nuna a binciken da suka yi a Maiduguri cewa yadda mutum ke jin amincin unguwarsa daga ɓarayi da motoci yana da alaƙa da yawan motsa jikinsa. Wanda ke tsoron masu ƙwacen waya ba zai fita da duku-duku ba, kome yawan wa'azin likita.

Wasu biranen sun gwada abin da ba ya cin kuɗi da yawa. Bogota ta ƙasar Kolombiya tun 1974 take rufe manyan tituna ga motoci ranar Lahadi, yanzu sama da kilomita 100. Kigali ta fara irin wannan a 2016, daga baya ta mai da shi sau biyu a wata, har da awon jini da na suga kyauta a wurin. Kano tana da Dala da Gwauron Dutse da ragowar badala, Zariya tana da Kufena. Da za a share kewayen waɗannan wurare, a dasa itatuwa, a sa fitila da masu tsaro, da an sami wurin tattaki an kuma tsare kayan tarihin da ake ta cinyewa da gine-gine.

Yanayi ma sai an yi masa dabara. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bayan asuba ne lokacin fita, ko gab da magariba, da ruwa a hannu. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, mai asma ya zauna gida ko ya rufe hanci. Da azumi, bayan asham ya fi. Saurin da ake nema shi ne wanda mutum zai iya magana amma numfashinsa ya ɗan ɗaga, kimanin taku 100 a minti. Mai ciwon suga ya sa takalmi rufaffe mai laushi, ya duba tafin ƙafarsa duk dawowa, domin ƙaramin rauni a gare shi ba ƙarami ba ne. Wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi na neman gagararsa, ya tsaya ya ga likita kafin ya sake fita.

7.0 Aikin da ke gaban masu bincike

Kusan duk manyan gwaje-gwajen da na kawo an yi su ne a Turai da Amurka da Asiya da Ostareliya, a kan mutanen da cimarsu da yanayinsu da zamantakewarsu suka bambanta da namu. Jikin ɗan Adam ɗaya ne, don haka ba na shakkar sakamakon zai yi aiki a nan. Tambayar da ta rage tamu ce: wane tsari ne zai sa Bahaushe da Bahaushiya su ɗore? Ina ba sassan kiwon lafiyar al'umma na jami'o'inmu shawarar gwaji mai sauƙin kuɗi. A zaɓi makarantun Islamiyya na matan aure a unguwanni daban-daban, a raba su biyu da ƙuri'a, rabi a kafa musu ƙungiyar tattaki sau uku a mako da yardar mazajensu da malamansu, rabi a ba su bayani kawai. A auna hawan jini da sukari da barci da alamun damuwa a farko, a sake aunawa bayan wata shida. A kuma rubuta dalilin duk wadda ta daina zuwa, da bakinta, domin waɗannan dalilan su ne za su nuna wa hukuma inda za ta fara gyara.